Jinga Da Wanda Ke Biyan Kuɗin Gyaranta

Jama'a, kowa ya san jinga. Ita ce tudun ƙasa da a ke tarawa a bakin kogi ko fadama don a tare ruwa kada ya shiga gona. Yin jinga ba shi ne wuya ba, gyaranta kowace shekara shi ne wuya. Ga labarin wata ƙasa inda zaman mutane duka ya dogara ga jinga, da yadda su da Gwamnatinsu su ke raba nauyin gyaranta.

A ƙasar Amurka akwai wata jiha wajen yamma, sunanta Kalifoniya. Tana da manyan koguna biyu. Kogin Sakaramento yana gangarowa daga arewa, kogin San Wakin kuwa daga kudu. Su kan haɗu, su rarrabu rassa rassa, sa'an nan su faɗa teku wajen birnin San Faransisko. Irin wannan wuri shi a ke kira delta, kamar inda kogin Kwara ya rarrabu kafin ya shiga teku.

Da can wurin nan duk fadama ce, ba kome sai ruwa da ciyayi. Bayan shekarar 1850 mutane suka fara kewaye fadamar da jinga, suna janye ruwa suna noma. Mutanen Sin su ne suka yi yawancin aikin farko, da shebur da baro. Daga baya aka kawo injunan da ke kwaso laka daga gindin kogi. Kafin 1930 kusan dukan fadamar ta zama gonaki. Yanzu akwai tsibirai wajen 60, tsawon jingarsu duka ya kai mil 1,100. Ana noman masara, da tumatir, da dankali, da inabi, da ciyawar dabbobi.

Amma akwai wani abu. Ƙasar wurin ruɓaɓɓen ciyayi ce. Muddin tana cikin ruwa ba ta ƙarewa. In aka janye ruwa, iska ta shige ta, sai ta riƙa cinyewa kaɗan kaɗan, gona tana lotsawa. Yau wasu tsibiran sun yi ƙasa da ruwan teku da fiye da ƙafa 20. Sun zama kamar ƙwarya: baki a sama, tsakiya a ƙasa. Manomi yana cikin gonarsa, jirgin ruwa yana wucewa bisa da kansa.

Ku lura da bambanci. Jingarmu ta bakin fadama damina kaɗai ta ke aiki, da rani ta huta. Tasu ba ta hutawa. Dare da rana, rani da damina, ruwa yana jingine da ita.

Me ke ɓata jinga? Igiyar ruwa tana zaizayar gefenta. Ruwa yana tsatsafowa ta ƙarƙashinta. Nauyinta yana sa ta nutse cikin ƙasa mai taushi. Kurege da waɗansu dabbobin ruwa suna haƙa ramuka cikinta. Rami ɗaya ya isa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka kullum ana aiki: a zaga a duba, a toshe ramuka, a sare sarƙaƙiya, a jera duwatsu a gefen ruwa, a ƙara ƙasa a kai.

To, wa ke yin wannan aiki? Yawancin tsibiran kowanne yana da ƙungiyarsa ta masu gonaki. Su ke zaɓen shugabanninsu. Ƙungiya ta kan sa wa kowa kuɗi gwargwadon gonarsa, da shi a ke gyara. Shekaru masu yawa yawancin nauyin yana kansu.

Ran 21 ga Yuni, 1972, jinga ta fashe a tsibirin Andrus. Ba lokacin ruwan sama ba ne, tsakiyar rani ne. Ruwa ya ci gonaki, ya shiga garin Isleton. Amma ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Da ruwan kogi ya kwarara cikin tsibirin, sai ruwan teku mai gishiri ya biyo baya ya maye gurbinsa. Ga shi kuwa daga kudancin deltan nan a ke jan ruwa da manyan famfuna zuwa birane da gonaki masu nisa. Cikin mutum uku na jihar, biyu suna samun wani kashi na ruwan shansu daga nan. Dole aka rage jan ruwa, aka sako ruwa mai daɗi daga madatsai don a kore gishiri.

Nan kowa ya gane jingar manomi ba manomi kaɗai ta ke tsare wa ba. Tana tsare ruwan shan mutumin birni wanda bai taɓa ganinta ba. Tana tsare hanyar mota, da hanyar jirgin ƙasa, da wayoyin lantarki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. A 1973 majalisar jihar ta kafa doka, Gwamnati ta fara taimakon ƙungiyoyin da kuɗin gyara. Bayan ambaliyar 1986 aka yi wata doka a 1988, aka ware dala miliyan 120 don aikin shekara 10.

Ga yadda dokar 1988 ta raba nauyi. A kowace mil ta jinga, dala 1,000 ta farko ƙungiya ke biya ita kaɗai. Abin da ya haura wannan, Gwamnati tana iya biyan har kashi uku cikin huɗu.

Mu yi misali. A ce wata ƙungiya tana da jinga mil 10, ta kashe dala 50,000 a shekara. Dala 10,000 ta farko tata ce. Saura 40,000. Cikin wannan Gwamnati ta biya 30,000, ƙungiya ta biya 10,000. Watau ƙungiya ta kashe 20,000, Gwamnati 30,000.

Yawanci ba a ba da kuɗin tun gaba. Ƙungiya ta kan rubuta aikin da ta ke so ta yi, a amince. Sa'an nan ta yi aikin da kuɗinta, ta ajiye takardun shaidar abin da ta kashe. Ma'aikatan ruwa na jihar su zo su duba da idonsu, kana a mayar mata da rabon Gwamnati. Ana kuma duba kada aikin ya hallaka mazaunin kifi da tsuntsaye ba tare da an maye musu wani ba.

Dabarar nan tana da amfani biyu. Mutanen wurin su suka san jingarsu, su ke fara ganin tsaga. Kuma tun da kuɗinsu na ciki, ba su yarda a yi aikin banza. Tana da wahala kuma. Ƙungiya marar ƙarfi ta kan sha wuya kafin ta sami kuɗin fara aiki. In kuwa kuɗin da Gwamnati ta ware a shekara bai isa ba, rabon kowa ya kan ragu.

Duk da haka jinga ba ta daina fashewa ɗungum ba. Ran 3 ga Yuni, 2004, rana tana haske, ta fashe a wani wuri mai suna Jones. Ruwa ya rufe eka 12,000. Aka yi watanni ana zuƙe shi da famfo, hasara da kuɗin gyara suka kai wajen dala miliyan 90. Ku gwada wannan da dala miliyan 12 da dokar 1988 ta ware kowace shekara don dukan deltan. Fashewa ɗaya ta ci kuɗin gyaran shekara bakwai da ɗoriya. Rigakafi ya fi magani. A 2006 mutanen jihar suka jefa ƙuri'a, suka yarda Gwamnati ta ci bashin dala biliyan 4 don tsare ƙasa daga ambaliya.

Har yau ana gardama. Waɗansu sun ce akwai tsibiran da kuɗin tsaronsu ya fi amfaninsu. Mazauna wurin kuwa sun ce in tsibiri ɗaya ya nutse, igiyar ruwa za ta dami jingar maƙwabcinsa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, jingar da ba ta da mai duba ta, ba ta daɗewa.

Tambayoyi

1. Me ya sa gonakin deltan nan su ke lotsawa?
2. Faɗi abu uku da ke ɓata jinga.
3. Don me mutumin birni ya ke taimakawa da kuɗin gyaran jingar manomi?
4. Ƙungiya tana da jinga mil 5, ta kashe dala 25,000. Nawa ne rabon Gwamnati?
5. In akwai jinga a garinku, wa ke duba ta kafin damina?