Yadda za a fara aiki da ɗan aiken AI mai rubuta manhaja ba tare da tafka asara ba

A watan Yulin 2025, wani ɗan kasuwar fasaha a Amurka, Jason Lemkin, wanda ya kafa kamfanin SaaStr, ya sanar da cewa na'urar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Replit da yake gina manhaja da ita ta goge masa rumbun bayanai mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200. Kafin faruwar hakan ya umarce ta da kada ta canza komai sai da izininsa, amma ta saɓa. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito fili ya ce bai kamata irin wannan ta faru ba, kamfanin kuma ya ɗauki matakin raba rumbun gwaji da rumbun aiki na gaske. An dai samu dawo da bayanan, duk da cewa tun farko na'urar ta ce ba za su dawo ba.

Abin da wannan lamari ya nuna shi ne, jan kunne ba ya hana irin wannan na'ura ɓarna. Abin da ke hana ta shi ne iyakar wurin da aka ba ta damar taɓawa tun kafin ta fara aiki.

Mene ne bambancinsa da ChatGPT?

Galibin jama'a sun san ChatGPT, wanda ya fito a Nuwamban 2022, a matsayin abokin hira: a yi masa tambaya, ya ba da amsa a rubuce, mai tambaya ya ɗauka ko ya bari. Ɗan aike mai rubuta manhaja ya wuce nan, domin shi hannu gare shi. Yakan buɗe fayilolin da ke cikin kwamfuta ya karanta, ya gyara, ya goge, ya sauko da kayan aiki daga intanet, ya gwada abin da ya rubuta, ya sake gyarawa. Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Claude Code na Anthropic, da Codex na OpenAI, da Gemini CLI na Google, waɗanda duk suka fito a 2025, sai kuma Cursor da GitHub Copilot.

Amfaninsa a bayyane yake. Mai shagon atamfa zai iya bayyana masa da magana ta yau da kullum cewa yana son manhajar lissafin kaya da ta masu bashi, ma'aikacin ofis kuma ya sa shi ya haɗa takardun Excel ɗari su zama rahoto guda. Sai dai duk ɗan kasuwa ya san ba a miƙa wa sabon yaron shago makullin sito da littafin banki a ranar farko, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. Haka ya kamata a ɗauki wannan ɗan aike.

A keɓe masa wurin aiki

Matakin farko shi ne a buɗe sabuwar folda domin aikin kaɗai, a kunna ɗan aiken a cikinta. Kuskure ne a kunna shi a inda hotunan iyali da takardun fili da na ofis suke. Wanda yake da hali, ya fi kyau ya ware tsohuwar kwamfuta da ba ta ɗauke da komai mai muhimmanci. Masu ɗan sani a fannin sukan yi amfani da Docker ko kwamfutar haya ta intanet, inda ko an yi ɓarna ba za ta tsallaka waje ba.

A tanadi hanyar komawa baya

Kafin a fara, a kwafe duk abin da ke da amfani zuwa wani wurin da ɗan aiken ba zai kai gare shi ba, kamar filashin da aka zare daga kwamfuta. Sannan a koyi amfani da Git, manhajar kyauta da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, wadda ke adana tarihin kowane sauyi. Duk lokacin da aiki ya kai wani mataki mai kyau, sai a adana shi. Idan gyaran gaba ya lalata abu, a koma baya cikin minti guda. Sai dai a lura, Git yana kare rubutun manhaja ne, ba ya kare rumbun bayanai, don haka shi rumbun yana buƙatar nasa kwafin daban.

Kada a kashe neman izini

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori sukan tsaya su nemi izini kafin su gyara fayil ko su zartar da wani umarni. Yawan tambayar na iya gundurar mutum, kuma akwai hanyar kashe ta. Kamfanin Anthropic ya sanya kalmar haɗari a cikin sunan umarnin da ke kashe tambayar a Claude Code, wanda hakan kaɗai ya isa gargaɗi. Sabon shiga ya bar ta a kunne, ya riƙa karanta abin da ake neman ya amince da shi. Idan bai fahimta ba, ya nemi ɗan aiken ya yi bayani cikin sauƙi kafin ya danna. Duk umarnin da ya shafi gogewa, ko tura bayanai waje, ko sauko da wani abu daga intanet, ya cancanci a duba shi sau biyu. Yana kuma da kyau a fara neman tsarin aiki a rubuce, a karanta, sannan a ba da dama mataki-mataki.

Sirrin kuɗi da bayanan jama'a

Abin da ɗan aiken ya karanta a kwamfuta, galibi ana tura shi ne zuwa na'urorin kamfanin da ya yi shi. Saboda haka bai kamata a bar kalmar sirri, ko lambar BVN da NIN ta kowa, ko jerin sunayen abokan ciniki a cikin foldar aiki ba. A yi gwaji da sunaye da lambobin bogi. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna ba da makullin gwaji daban da makullin kuɗi na gaske. Na gwajin ne kaɗai ya dace ɗan aike ya gani.

Ga ma'aikatan gwamnati, batun ya shafi doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da ka iya cutar da masu su. Bai dace ma'aikaci ya sa irin wannan na'ura a kwamfutar ofis ba tare da rubutaccen izinin sashen da ke kula da na'urori ba. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba sirrin manhajojin kamfanin a cikinsa.

Umarnin da aka ɓoye

Akwai wani haɗari da ba kowa ya sani ba. Ɗan aiken ba ya iya bambancewa sarai tsakanin umarnin maigidansa da rubutun da ya ci karo da shi a shafin intanet ko a cikin fayil. Masu kutse sukan ɓoye umarni a irin waɗannan wurare, ya karanta, ya bi. Masani Simon Willison, wanda ya raɗa wa matsalar suna a 2022, ya yi gargaɗin cewa haɗarin ya fi tsananta idan abubuwa uku suka haɗu: na'ura tana iya ganin sirri, tana karanta rubutun da ba a san tushensa ba, kuma tana iya tura saƙo waje. Cire ɗaya daga cikin ukun yana rage haɗarin sosai.

A gwada kafin a yarda

Cewar ɗan aike ya kammala ba hujja ba ce, domin yakan ce ya yi abin da bai yi ba. Mai manhajar lissafi ya shigar da cinikin mako guda da ya riga ya lissafa da hannu, ya ga ko jimillar za ta dace. Manhajar da za ta karɓi kuɗin mutane ko ta adana bayanansu kuwa, sai ƙwararre ya duba ta kafin a sake ta.

Haka nan a kula da aljihu. Wanda ya zaɓi biyan gwargwadon amfani ya sanya iyakar kashe kuɗi tun farko. Hanya mafi dacewa ita ce a fara da ɗan ƙaramin aiki wanda ko ya lalace ba za a yi kuka ba, a riƙa faɗaɗa wa ɗan aiken iko gwargwadon yadda mai shi ya fahimci abin da yake yi.