MASU TUƘA JIRGIN SAMA DAGA CIKIN ƊAKUNANSU

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya akwai waɗansu mutane, ma'aikata da 'yan makaranta da dattawan da suka huta da aiki, waɗanda in maraice ya yi sai su shige ɗaki su kunna kwamfuta, su tashi da jirgin sama daga Landan zuwa Alƙahira, su shafe wajen sa'a biyar suna lura da shi har ya sauka, alhali ko ƙofar gida ba su leƙa ba. Abin da ke gabansu kwaikwayo ne, amma himmar da suke ba shi, da dukiyar da suke zubawa a ciki, duk na gaskiya ne.

Shi wannan al'amari yana da tushe. Tun a shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙi wanda aka horar da ɗimbin matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Shigarsa gidajen jama'a kuwa ta kankama ne a 1982, sa'ad da kamfanin Microsoft ya fitar da manhajar Flight Simulator, wadda Bruce Artwick ya tsara. Fitowar 2020, wadda kamfanin Asobo na Faransa ya gina, ta zo da duniya baki ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam, har da iska da gajimaren da ake yi a wannan rana.

To, sai dai jiragen da ke zuwa tare da manhajar ba su cika gamsar da waɗanda suka yi nisa ba. Don haka suke sayen ƙarin jirage daga ƙananan kamfanoni, kamar Boeing 737 na PMDG da Airbus A320 na Fenix, waɗanda kuɗin ɗaya kan yi kusa da na manhajar kanta. Akwai kuma A320 na ƙungiyar FlyByWire, wanda 'yan sa kai suka gina suka bayar kyauta. Irin wannan jirgi ba a tayar da shi da maɓalli ɗaya. Sai mutum ya kunna batir, ya tayar da ƙaramin injin da ke wutsiya, ya jira na'urar gane hanya ta daidaita, abin da kan ci kusan minti 10, sa'an nan ya shigar da hanyar tafiya, ya lissafa mai da nauyin kaya. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, jirgin zai nuna masa.

Daga jirage sai kayan tuƙi. Mai son Airbus kan nemi sandar tuƙi ta gefe, mai son Boeing kuma sitiyari, irin waɗanda Thrustmaster da Honeycomb da Logitech ke ƙerawa, tare da totur da fedar ƙafa ta juya wutsiya da taka birki. Waɗansu kan ƙara da TrackIR, na'urar da ke bin motsin kai, watau in mutum ya waiga sai hoton ya waiga da shi. Akwai waɗanda abin ya kai su ga gina ɗakin tuƙi sukutum da katako da ƙananan allunan lantarki na Arduino. Matthew Sheil, mutumin Sydney, ya shiga kundin Guinness saboda tsadar ɗakin tuƙin Boeing 747 da ya gina wa kansa.

Sha'awar ba ta rasa ɓacin rai. Sau da yawa in aka sabunta manhaja sai jirgin da mutum ya saya ya ƙi aiki, ya zauna jiran gyara. A 2009 Microsoft ya rufe sashen da ke kula da manhajar, aka yi shekara da shekaru masu sha'awa da ƙananan kamfanoni ne suka riƙe ta. A 2018 kuma aka gano kamfanin Flight Sim Labs ya ɓoye wata manhaja mai kwashe kalmomin sirri a cikin jirginsa, ya ce don kama masu satar fasaha ya yi, amma da jama'a suka yi ca a kansa ya janye ta.

Abin da ya fi jan hankali shi ne tsarin da suka shimfiɗa wa kansu. A ƙungiyar VATSIM, wadda aka kafa a 2001, waɗansu ke tuƙi, waɗansu kuma ke zaman jami'an hasumiya bayan sun ci jarrabawa, ana magana ta rediyon intanet bisa ƙa'idar filayen jirgi na gaskiya.

Duk da haka, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kwamfuta tana koyar da bin ƙa'ida, da karanta agogunan jirgi, da iya magana da hasumiya, amma ba ta sa jiki ya ji nauyin jirgi ko bugun iska, kuma malaman tuƙi kan koka cewa waɗanda suka saba da ita sun fi zura wa agoguna ido maimakon duban waje. A Amurka hukumar FAA ba ta lissafa sa'o'in kwaikwayo sai a kan na'urar da ta amince da ita, sa'an nan ma sa'a 10 ko 20 kawai, gwargwadon darajar na'urar, ga mai neman izinin tuƙi da agoguna.

Saboda haka ɗalibin da ke burin shiga makaranta irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ya bukatar ya tsiyata iyayensa da sayen kaya. Sanda ɗaya mai araha, da jirgi ɗaya da ya naƙalta ciki da bai, sun ishe shi ya gane ko yana da haƙurin da aikin ke nema. Sauran kuwa sai ranar da ya zauna kusa da malami, tayoyi suka rabu da ƙasa.