Takalmin shiga daji: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da zafi ya sassauta, doguwar tafiyar ƙasa kan ƙaru a Nijar. Akwai masu hawan duwatsun Abzin a jihar Agadas, akwai ma'aikatan gandun daji, akwai kuma samarin da ke nufar wuraren haƙar zinariya irin su Jado. Da yawansu a wurin ƴan bosho suke sayen takalmi, a Katako ta Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram, kuma galibi kyan gani da nauyi suke bi. Alhali abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: wace irin ƙasa za a taka?

Kowace ƙasa da nata takalmi

A kan dutse, kamar hanyar hawa Bagzan, inda ƙololuwa mafi tsawo a Nijar ta kai mita 2,022, ana buƙatar takalmi mai taurin tafi, mai zurfin zane a ƙasansa don kada ya zame, wanda kuma wuyansa ya rufe idon sawu saboda targaɗe. Tafi mai laushi yana barin tsinin dutse ya riƙa sukar ƙafa har ta gaji tun kafin azahar.

A cikin rairayi kuwa, nauyi ne abokin gaba. Takalmi marar nauyi na fata ko na yadi mai ƙarfi ya fi dacewa, musamman wanda harshensa ke ɗinke da gefe biyu, don yashi ya rasa hanyar shiga. Mai raga-raga irin na ƴan wasa yana shan iska, amma yashi da ƙarangiya da tsidau ba sa raga masa.

A gona da fadama lokacin damina, dogon takalmin roba ne ya fi. Yawancin saran maciji a ƙafa ne ko ƙasan ƙwauri yake samun mutum, kuma kububuwa, wadda ke cikin macizan da suka fi kisa a Afirka ta Yamma, a ƙasa take kwanciya cikin ciyawa. A gonakin shinkafa na bakin kogin Isa, wannan takalmi yana rage haɗuwar fata da ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin tsargiya. Sai dai bai dace da doguwar tafiya ba, domin yana tara gumi.

Tarkon takalman bosho

Yawancin manyan takalman da ke zuwa daga Turai an yi su ne don dusar ƙanƙara da ruwan sama. Wasu na da gashi a ciki, wasu na da shimfiɗar hana ruwa shiga, irin su Gore-Tex. A rana mai zafi ƙafa kan jiƙe da gumi a cikinsu, fata ta yi laushi, sai bororo ya fito.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani. Sau da yawa ana yin tsakiyar tafin takalmi da wani irin soso na roba mai suna poliyuretan, wanda ke ruɓewa idan ya daɗe a ajiye, musamman inda akwai laima da zafi. Takalmi na iya zama kamar sabo, amma ya wargaje bayan ƴan kilomitoci. Saboda haka a lanƙwasa shi da hannu, a danna gefen tafin da farce. In ya tsage, ko ya yi gari, ko yana danƙo, a ajiye shi ko nawa aka rage. Araha ba ta ado.

Yadda ake gwadawa

Ƙafa tana kumbura da yamma, don haka lokacin ne ya fi kyau a gwada, da safar da za a yi tafiyar da ita. A sa duka biyun, domin ƙafafun mutum ba cika zama daidai suke ba. A bar tazarar kusan santimita ɗaya tsakanin babban yatsa da bakin takalmi, in ba haka ba farce zai riƙa bugun gaba a gangare har ya yi baƙi. Dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa. A lura da lamba: abin da ake kira 42 a Faransa, kusan 8 ne a Ingila.

Kada a fara doguwar tafiya da takalmin da aka saya jiya. A sa shi cikin gari mako ɗaya ko biyu har ya saba da ƙafa. Masu ciwon sukari su ƙara kula, domin rauni na iya samunsu ba su ji ba, kuma yana wuyar warkewa.

In takalmi ya jiƙe, a shanya shi a inuwa nesa da wuta, don zafi yana ɓamɓare gam, ya busar da fata. Kuma duk wanda ya kwana a daji ya kife takalminsa ya kakkaɓe kafin ya sa ƙafa, saboda kunama na son wuri mai duhu.