Hular Farko: Yadda Muka Koyi Saƙa Da Tsinke Biyu

Mu biyar ne, matan unguwa ɗaya a Jos, kuma a cikinmu ba wadda ta taɓa riƙe tsinken saƙa. Abin da ya sa muka fara shi ne haihuwar da aka yi a gidan maƙwabtanmu cikin watan Disamba. Jaririn bakwaini ne. Da za a sallame su daga asibiti, sai ungozoma ta ja kunnen uwar, ta ce kada ta bari sanyi ya kama shi, ta riƙa ɗora shi a ƙirjinta, fata da fata, ta kuma sa masa hula. Muka zaga kasuwa, duk hular da muka samu sai ta rufe masa ido da hanci.

Masu karatu da ke zaune a kan tudun Jos sun san abin da muke faɗi. Garin yana bisa tudu mai tsayin kamar mita 1,200, da hunturu kuwa sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10. Jikin jariri yana bukatar ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, ga shi kansa babba ne in an gwada da sauran jikinsa, saboda haka ɗumi mai yawa yakan fita ta kai. Wannan dabara ta ɗora jariri a ƙirji likitoci ne suka fara ta a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, hula kuma tana cikin kayanta.

Muka tafi wurin Kaka

Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, kowa Kaka yake ce mata. Ta koyi saƙa tun tana yarinya a makarantar 'yan mata. Muka je muka gaishe ta, muka roƙe ta ta saƙa mana hula. Ta ce, "'Ya'yana, guda ɗaya zan saƙa yau, domin yaron ba zai jira ku ba. Amma idona ya fara gajiya. Ta biyu ku za ku yi." Kafin gari ya waye hular tana kan yaron. Kashegari da la'asar muka zauna a kan tabarmarta.

Kayan aikin ba su da yawa: tsinke biyu, ƙullin ulu ɗaya, almakashi, da allura mai faɗin ido. Kaka ta ce mai koyo ya nemi tsinke mai kaurin milimita 4, wanda a tsohon lissafin Ingila ake kira lamba 8, da ulu matsakaici mai launi mai haske. Ɗaya daga cikinmu ta riga ta sayo baƙin ulu, sai da ta mayar, gama a cikin baƙi mai koyo ba ya ganin inda zai sa tsinke.

Ɗauri biyu ne kawai

Da fari akan jera madaukai a kan tsinke ɗaya. Mu "ido" muke kiransu, kamar idon raga. Daga nan duk saƙar tsinke biyu ɗauri iri biyu ne. Na farko, zare yana bayan aikin: ki soka tsinken dama cikin ido, ki naɗa zare, ki jawo shi ta cikin idon, ki saki tsohon. Na biyu, zare yana gabanki, ki soka daga dama, ki yi haka nan. In kin yi na farko a kowane layi, saƙar za ta fito kunya-kunya kamar gona. In kina yin layi ɗaya na farko, layi ɗaya na biyu, fuska ɗaya za ta yi sumul. In kuwa kina yin biyu na farko, biyu na biyu a cikin layi guda, saƙar za ta riƙa miƙewa tana komawa. Da wannan ake yin bakin hula.

Faɗa da baki yana da sauƙi. Ranar farko mun ɗaure zaren tamau har tsinke ya ƙi shiga. Wata ta fara da ido 20, bayan layi goma ta ƙirga ta sami 27, domin tana tsaga zaren tana kuma naɗa shi inda bai kamata ba. Wata kuma ido ɗaya ya suɓuce mata, ya yi ta warwarewa ƙasa kamar tsani. Ta ce ita ta haƙura, hannunta na daka ne da noma. Kaka ta ɗauki kwarashi, ta kamo idon, ta hau da shi layi layi har sama. Ta ce, "Ɗiyata, a saƙa ba a yin asara. Abin da ya ɓaci a warware, zaren yana nan." Ta kafa mana doka: a ƙirga ido a ƙarshen kowane layi.

Yadda muka yi hular

Bayan mako biyu na gwaji muka shiga aikin gaske. Da irin wannan ulu da tsinke, ido 22 yakan ba da faɗin kamar santimita 10, amma hannun kowa dabam ne, sai ki saƙa ɗan ƙyalle ki auna tukuna. Kan jaririn da ya cika watanni tara yakan kai kamar santimita 34 ko 35, sai a jera masa ido 68. Na bakwaininmu ido 56 muka jera. Muka yi bakin mai miƙewa kamar santimita 4, muka ci gaba da sumul. Da tsawon ya isa, sai muka fara ragewa, wato a haɗa ido biyu a saƙa su kamar ɗaya. Sauran 'yan idon muka zura musu zare da allura muka tsuke, muka ɗinke gefen. Ƙullin giram 50 ya isa har da saura.

Hulunanmu biyar, uku ne suka sawu. Ɗaya ta karkace kamar kan zakara, amma uwar ta karɓa hannu bibbiyu.

Abin lura

Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne na masana'anta. Yana wankuwa da sauƙi, amma yana narkewa da zafi. Kada a sa masa dutsen guga mai zafi, kada kuma a kai yaron da ke sanye da shi kusa da kaskon wuta. Ulu na ainihi kuwa ruwan zafi yana sa shi ya tsuke. Kada a sa wa hular jariri igiya ko maɓalli. In ɗaki ya yi ɗumi, ki taɓa ƙeyarsa, in yana gumi ki cire. Hula ba magani ba ce. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti nan da nan.

Sana'ar nan ba baƙuwa ba ce a nahiyarmu. Safa mafi tsufa da aka samu ta irin wannan saƙa a Masar aka tono su, da zaren auduga aka yi su, shekarunsu sun haura 700. An ƙera injin saƙa a Ingila tun 1589, duk da haka hannu bai daina aiki ba, gama inji ba ya auna kan ɗanki.

Yaron nan yanzu yana rarrafe, hulunan sun yi masa kaɗan, an wanke su an ajiye domin mai zuwa. Mu kuma mun shiga safa da 'yar rigar sanyi, har mazan gidanmu biyu sun ɗauki tsinke, abin da ba abin mamaki ba ne a ƙasar da maza suke saƙa a masaƙa suna kuma ɗinka hula. In akwai tsohuwa a unguwarku da ta iya, ku je ku gaishe ta tun idonta yana gani. Ku fara tun da damina, kada hunturu ya same ku kuna jera ido.