Gargaɗi ga Wurno, Rabah da Goronyo: Kada Dutsen Ma'adinai Ya Shigo Gida

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, iyaye da masu unguwanni, a saurara. Kasuwar litiyam, ma'adinin batirin waya da motar lantarki, ta buɗe a Nasarawa, Kwara da Kebbi, tantalait ma yana da masu saye. Rashin tsaro ya raba samarinmu da yawa da gonakinsu, kuma wanda ya rasa gona, ramin haƙo zai nufa cin rani. Abin tsoro shi ne buhun dutsen da zai dawo da shi gida.

Kowa ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010. A Bagega, Dareta da 'Yargalma, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, an riƙa shigo da dutsen zinari tsakar gida. Mata na daka shi a turmi, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki, alhali dutsen cike yake da gubar dalma. Yaro ya fara amai, sai jijjiga, kafin a ankara an rasa shi. Yara fiye da 400 suka rasu, da yawa cikin waɗanda suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. A 2015 haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Ido ba ya bambance dutse mai dalma da marar dalma, kuma ko babu ita, ƙurar dutse tana cinye huhu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka kada a daka ko a niƙa dutsen ma'adinai a gida ko a injin niƙan hatsi. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Kada a wanke dutse a gulbin Rima ko madatsar ruwan Goronyo, domin da ruwan nan muke noman shinkafa, albasa da tafarnuwa. Kada a ajiye nakiyar fasa dutse cikin gari. Ita ce ta tarwatsa wani sashe na unguwar Bodija a Ibadan a Janairun 2024.

Duk baƙon da ya zo neman fili don haƙo, a kai shi gaban hakimi ya nuna lasisin gwamnatin tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta yarjejeniya a rubuce tsakanin mai haƙo da mutanen gari.

Malamai, ku faɗi wannan a huɗubar Juma'a tun ba a kai ga haƙa kabari ba. Allah Ya tsare mana zuri'a.