Hisabin Masu Cin Tuwon Kasuwa a Ƙasar Karaye da Rogo

Ya ku malamai da 'yan kasuwa masu duba wannan shafi, ga wata magana ta hisabi wadda na ga ya kamata mu yi ta tare, domin ta shafi cikin mai ci, ta kuma shafi jarin mai dafawa.

Abin da ya jawo ta shi ne, wani yaro da ya yi allo a hannuna, wanda yanzu yana jami'a yana koyon ilmin ƙididdiga, ya zo mini da tarin takardu a ƙulle. Gwaggonsa tana sayar da tuwo da shinkafa da wake a wata rumfa a ƙasar Rogo, da wannan sana'a take riƙon marayu. Ciniki ya ja baya, har tuwo ya fara kwana. Sai yaron ya ce bari ya taimake ta da abin da aka koya masa. Ya rubuta tambayoyi, ya zauna a bakin rumfa, duk wanda ya wanke hannu sai ya karanta masa. Kowace tambaya da matakai biyar, daga "ban ji daɗi ba ko kaɗan" har zuwa "na ji daɗi ƙwarai". Wannan tsari na matakai biyar wani malamin Amurka ne, Rensis Likert, ya fito da shi a 1932, da irinsa kuwa manyan gidajen abinci na duniya suke auna zukatan masu ci. Da ya tattara amsoshi ya buga, sai ya ga kusan kowa ya ce ya ji daɗi. Ya ce mini, "Malam, alƙaluma sun ce babu laifi, amma tukunya ta ce akwai. Wa zan gaskata?"

Na ce masa, hisabinka daidai ne, ban ga kuskure a tarawa ko rabawa ba. Ɓarnar tana wajen waɗanda ka tambaya.

Ku duba, jama'a. Wanda ya ci tuwon rumfar nan bai ji daɗi ba, ina yake a ranar da yaron ya zauna? Yana rumfar gaba. Ya riga ya yi hukuncinsa da ƙafa tun watanni, ba kuwa zai dawo don ya cika takarda ba. Waɗanda suka rage su ne masu sonta, da maƙwabta, da waɗanda take ba bashi har ranar kasuwa. To, duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ake tuhuma, ko ɗa ga mahaifinsa, ko wanda shaidar za ta jawo masa amfani. Mutumin da ake bin sa kuɗin kwano bakwai, ga mai binsa tana tsaye da mara a hannu tana sauraro, ga ɗan'uwanta riƙe da alƙalami, me ake zato zai faɗa?

Wannan ciwo ya kama waɗanda suka fi yaron nan kuɗi da yawan takardu. A 1936, lokacin zaɓen shugaban Amurka, wata babbar mujalla mai suna Literary Digest ta aika wa mutum wajen miliyan 10 takardar tambaya, fiye da miliyan 2 suka amsa. Ta buga lissafi ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Dalili kuwa, yawancin sunayen daga littafin masu tarho da rajistar masu mota aka kwaso su, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, sa'an nan cikin waɗanda aka aika wa ma, masu fushi da gwamnati suka fi ɗokin amsawa. Wani mutum, George Gallup, ya tambayi mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, amma ya yi ƙoƙarin ɗebo su daga kowane irin mutane, ya kuwa faɗi wanda zai ci daidai. Mujallar ba ta kai ƙarshen 1938 ba.

Mu ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida. Malaman hadisi ba su ce labari ya kai tawaturi don yawan masu faɗa kaɗai ba. Sun sharɗanta yawan ya zama irin wanda al'ada ba ta yarda su haɗa baki a kan ƙarya ba, kuma abin da suke faɗa ya zama sun gani ne ko sun ji, ba zato ba. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce wani tsibin hatsi a kasuwa, bai tsaya ga abin da ke sama ba, ya cusa hannunsa ciki, ya tarar na ƙasa jiƙaƙƙe ne, ya yi wa mai shi faɗa a kan algus. Har gobe ɗan kasuwar hatsi mai wayo ba ya sayen buhun masara da ganin bakinsa, sai ya ɗebo daga tsakiya da gindi. Uwargida ma ba ta shanye tukunya don ta san gishiri, ludayi guda ya ishe ta, da sharaɗin ta motsa miyar tukuna. Duk ilmin ɗibar samfuri da ake koyarwa a jami'a a kan wannan motsawa ya tsaya.

In an motsa, watau an zaɓi mutane bisa ƙuri'a ba bisa sabo ba, to, sai yawa ya yi amfani, kuma amfaninsa yana da iyaka sananniya. Masu wannan ilmi sun lissafa cewa in an tambayi mutum 100, amsar tana iya kauce wa gaskiya da wajen kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa. In an tambayi 400, kaucewar ta sauko wajen kashi 5. In 1,000 ne, wajen kashi 3. Watau sai ka ninka wahalarka sau huɗu kafin ka rage kuskurenka da rabi. Abin mamaki kuma, girman garin bai cika canja wannan ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karaye mutum fiye da 140,000, Rogo kuwa fiye da 220,000, amma mutum 400 da aka ɗebo da kyau sun ishi kowace ɗaya, kamar yadda ludayi guda ya ishi ƙaramar tukunya da babba.

Sai abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi na farko nauyi a ƙasarmu. Bahaushe Musulmi ba ya kushe abinci. An tarbiyyantar da mu a kan abin da Abu Huraira ya ruwaito, cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in ya so shi ya ci, in bai so ba ya bari. Ga kuma kunya da kara. Ka tambayi dattijo ya ya ji tuwo, ko da miyar ruwa ce tsararo, abin da zai ce shi ne alhamdu lillahi. Yaro sai ya rubuta mataki na biyar, alhali dattijon Ubangijinsa ya gode wa, ba mai tuwo ba. Takardar da aka tsara wa mutanen da suka saba faɗa wa mai dafa abinci laifinsa a fuska, in an kawo ta Karaye ba gyara, ladabin mutane za ta auna. Amma ku lura da ƙarshen hadisin: in bai so ba, ya bari. Ashe shaidar tana cikin kwano. Abin da aka rage shi ne amsar da baki ya ƙi bayarwa. Almajiraina sun san haka ba tare da alƙalami ba, domin sun san rumfar da ake samun saura da yawa, kuma, Allah Ya shirye su, sun san ba rumfar da ta fi daɗi ba ce.

A nan ina so in ja hankalin 'yan'uwana malamai. Barin aibata abinci ladabi ne na mai ci da ni'imar Allah. Amma in mai sana'a da kanta ta nemi a gaya mata inda ta gaza, wannan neman shawara ne, wanda aka nemi shawararsa kuwa amana ce a wuyansa. Ka ce mata gishiri ya yi yawa, a keɓe, da taushin harshe, ya fi mata alheri bisa ka ce madalla, ka tashi ba ka sake dawowa ba.

Abu na uku na hisabi ne tsantsa, ku 'yan kasuwa za ku gane shi nan da nan. Yaron ya tara makin kowace tambaya ya raba da yawan mutane, ya sami matsakaici. Mu ƙaddara rumfa biyu, kowace an tambayi mutum 10. A ta farko duk goman sun ba da mataki na 3, jimla 30, matsakaici 3. A ta biyu mutum 5 sun ba da 5, mutum 5 sun ba da 1, jimla 30, matsakaici 3. A takarda tagwaye ne. A kasuwa kuwa, ta farko abincinta ba yabo ba fallasa, ta biyu rabin mutanenta sun tafi da ɓacin rai. Mai hankali sai ya tambaya, su wane ne biyar ɗin? Watakila masu cin hantsi ne suka yaba, masu cin la'asar suka kushe. Watakila mutanen gari ne suka yaba, baƙin ranar kasuwa, direbobi da 'yan dako da dillalan rake, waɗanda ake zuba wa a gurguje, suka kushe. Rumfa guda ce, amma ranar kasuwa da sauran kwanaki kamar rumfa biyu ce. Masuntan da ke fitowa daga madatsar Challawa, wadda aka gama a Karaye a 1992, lokacin cinsu dabam da na manomin da ya taho daga Zarewa ko Beli da kayansa.

Har wa yau, kada a manta rumfa ɗan yanki ce ta cinikin abinci a ƙasar Hausa. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, watau saye da sayarwar da matan aure ke yi daga cikin gida ta hannun yara. Emmy Simmons kuma, wadda ta yi aiki a Samaru, ta bi ƙauyukan ƙasar Zazzau tana duba sana'ar abincin da mata ke yi a gida, ta buga sakamakonta a 1975. Fura, ƙosai, waina, ɗanwake, ƙuli-ƙuli, yawancinsu ta talla suke fitowa. Wanda ya bar rumfar gwaggon yaron nan, ba lalle ne wata rumfa ta ɗauke shi ba. Yana yiwuwa ɗanwaken talla ya koma, don ya fi sauƙin kuɗi.

Maganar kuɗi kuwa ita ce ƙashin bayan al'amarin. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar abinci ta hau, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni na 2024 kuɗin abinci ya ɗara na shekarar da ta gabata da fiye da kashi 40 cikin 100. Mai tuwo tana tsakanin abu uku: ta ƙara kuɗi, ko ta rage malmala, ko ta ƙara wa miya ruwa. Yawanci suna gudun na farko, domin shi ake gani. Ni kuwa ina ganin na farko ya fi tsira, duniya da lahira. Wanda aka ce masa kwano ya tashi daga kaza zuwa kaza, zai yi guna-guni ya biya ko ya bari, da saninsa. Wanda aka ba malmala ta rame a kuɗin jiya, ba a ce masa kome ba, zai ji a cikinsa an tauye shi, ba kuwa zai faɗa ba. Ban ce hukuncinsa ɗaya da na mai tauye mudu wanda Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko ba, tun da malmala ba ma'auni ce tsayayya ba, kuma mai saye yana ganinta. Amma hanya ce mai santsi, gara a nisance ta.

Na ce wa yaron ya ajiye takardunsa, ya koma da ɗan littafi, ya zauna nesa da rumfa kamar mai jiran mota. Ya ja layi ga kowane kwano da aka mayar, ya ware wanda aka sude da wanda aka rage, ya rubuta lokaci, ya rubuta ko tuwo aka rage ko miya aka bari. Ya yi haka a ranakun kasuwa da ranakun da ba kasuwa. Ya kuma lura da baƙin fuska, wa ya zo sau ɗaya ya dawo, wa ya zo sau ɗaya ya ɓace. In lalle sai ya yi tambaya, to, ya sa wani wanda ba a san danginta ba ne, a tambayi mutum bayan ya bar wurin, kuma kada a ce "ka ji daɗi?" A ce, abincin da zafinsa ya zo? Ka daɗe kana jira? Ruwan wanke hannu mai tsabta ne? Ka ƙoshi? Waɗannan mutum yana iya amsa su bisa gaskiya ba tare da ya ji ya kushe ni'ima ba. Na ce kuma ya nemi ko mutum biyar cikin waɗanda suka daina zuwa, domin maganar ɗaya daga cikinsu ta fi ta hamsin na bakin rumfa amfani.

Bayan 'yan makonni ya dawo da littafin. Kwanukan hantsi a sude suke komawa. Daga bayan azahar ne layin saura yake tsawo, kuma tuwo ake ragewa, domin miyar ba ta iya raka shi. Da ya matsa wa gwaggonsa, sai ta ce lalle in miya ta yi ƙasa takan ƙara ruwa da gishiri don ta kai la'asar, tana zaton ba wanda ya lura, tun da ba wanda ya taɓa magana. Yanzu ta raba cefanen biyu, tana ɗora ƙaramar tukunya ta biyu da rana, ta kuma ƙara kuɗin kwano ta faɗa wa kowa da bakinta. Itace ya ƙaru mata, wasu kuma sun yi ƙorafin ƙarin. Yaron ya bar wa ƙanensa littafin, yana ci gaba da jan layi har bayan kaka.