Ruwan Kwata Ya Yi Garau, To Ya Tsarkaka Ke Nan?

Yau ɗakin gwaje-gwaje za mu leƙa, mu ga yadda masana ke gane ko ruwan kwata ya tsarkaka bayan an tace shi. Tun daga farko ku sani, ido ba ya iya wannan aikin.

Idan ka zuba sukari a kofin ruwa ka juya, sukarin ya ɓace wa ido, amma yana nan. Haka ruwan kwata yake. Bayan an cire leda da yashi da taɓo, akwai abin da ya narke a ciki: ragowar abinci, fitsari, sabulu, jinin mayanka, rini, har da magungunan da muka sha jiki ya fitar. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kabon. Masana suna bi da ruwan ta matacin da ƙofofinsa ba su wuce maikuromita 0.45 ba, wato sun fi silin gashi siranta fiye da sau ɗari. Duk abin da ya ratsa wannan mataci, shi ake kira narkakke.

To mene ne illarsa? Abinci ne ga ƙwayoyin bakteriya. Idan ya shiga kogi, sai su far masa da ci, suna shaƙe iskar oksijin da ke cikin ruwan. Ga shi kuma ruwa ba ya riƙe oksijin da yawa. A zafin digiri 20, lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 9 ne kacal, a digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. Shi kuwa ɗanyen ruwan kwata na gidaje, lita ɗaya kan buƙaci miligiram 200 ko fiye. Kun ga lissafin bai yi ba. Oksijin na ƙarewa kifi ya mutu, ruwa ya yi baƙi, wari ya tashi.

Daga nan gwaji na farko ya samo asali, wanda ake kira BOD. A Birtaniya aka tsara shi, ƙasar da ta sha fama da ruɓaɓɓun koguna, har a shekarar 1858 warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a Landan. Wata hukuma da aka kafa a 1898 kan zubar da ruwan kwata ita ta tsayar da gwajin. Ga yadda ake yi: a zuba ruwan a kwalba, a auna oksijin ɗinsa, a toshe, a ajiye a duhu kwana biyar a digiri 20, sannan a sake aunawa. Abin da ya ragu, shi ne abin da bakteriya suka shaƙa. Me ya sa kwana biyar? Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, kogunan Birtaniya gajeru ne, ruwansu kan isa teku cikin kwana biyar. A 1912 hukumar ta ba da shawarar kada BOD na ruwan da aka tace ya wuce miligiram 20 a lita.

Matsalar ita ce jira. Kafin sakamako ya fito, ruwan ya riga ya yi gaba. Shi ya sa ake haɗawa da gwaji na biyu, COD. A nan ba a jiran bakteriya. Ana dafa ruwan da asid mai ƙarfi da sinadarin dayikuromet na awa biyu a digiri 150. Sinadarin yana cinye kusan duk abin da ya narke, launinsa na juyawa daga ruwan lemo zuwa kore, sai a auna canjin.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan dabarar take. Idan ka raba BOD da COD, amsar tana gaya maka irin dattin da ke gabanka. In ta haura 0.5, bakteriya za su iya cinye mafi yawansa, matatar da ke aiki da su za ta wadatar. In ta yi ƙasa da 0.3, dattin mai taurin kai ne, ko kuma akwai guba a ciki da ke kashe bakteriyar.

Mu dawo gida. A Kano, ruwan kwatar cikin gari yana bin Jakara, na masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi, na masana'antun fata a Challawa da Sharada yana gangarawa kogin Challawa. A gefen waɗannan ruwaye akwai manoman rani da ke shayar da latas da alayyahu. Ruwan gida da ruwan majema na iya yin kama a ido, amma dattinsu daban ne, maganinsu ma daban. Gwaji ne kaɗai zai raba su.

Sai dai BOD da COD yawa suke faɗa, ba sa faɗin suna. Kamar a ce maka buhun nan kilo hamsin ne, amma ba a gaya maka gero ne ko siminti ba. Don haka masana suka ƙara gaba. Suna haska ruwan da wani haske da ido ba ya gani, sinadaran cikin su mayar da nasu hasken. Sabon dattin bayan gida yana da irin hasken da yake mayarwa, ruɓaɓɓen ganye da ƙasa suna da nasu. Akwai kuma manyan na'urori masu auna nauyin ƙwayoyin sinadari, da ke iya zaƙulo dubban sinadarai daban-daban a samfuri guda.

Wani zai ce, ai sai a zuba kulorin a huta. A 1974, wani masani a Rotterdam ta ƙasar Holan, Johannes Rook, ya gano cewa idan kulorin ya haɗu da narkakken datti a ruwa, yana haifar da sababbin sinadarai irin su kulorofom. Bincike ya danganta daɗewa ana shan irinsu da ƙaruwar haɗarin kansar mafitsara. Amurka ta ƙayyade jimillarsu a ruwan sha kada ta wuce maikurogiram 80 a lita. Kada wani ya fahimci cewa a daina sa kulorin, a'a, shi ke kare mu daga kwalara da taifod. Abin da ake so shi ne a rage dattin tukuna, sannan a zuba shi. Kuma ba za ka rage abin da ba ka auna ba.

Saboda haka, duk ranar da kuka ji wata masana'anta ko hukuma ta ce ta tace ruwanta kafin ta sake shi, ku tambayi abu uku: BOD nawa ne, COD nawa ne, yaushe aka auna? Wannan ruwan, gonar wani zai shiga gobe, latas ɗin kuma kasuwa za a kawo shi.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.